Ranar da Aka Kira Uban Zomo

Na sha jin ku a tsakar gida, kuna tsammanin barci nake, kuna cewa wai babanku ya ƙi jinin guje-guje, wai shi ya kashe wa yayanku gudu. Maganar har ta kai Kaduna, don ran nan ƙaramar ɗiyar yayanku ta zauna kan cinyata ta ce, "Kaka, ashe Malam mugu ne?" Shi ya sa na ce a sayo mani biro. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, hannun ma ya fara rawa, sai ku yi haƙuri da rubutun. Ban taɓa taka filin makarantar nan ba, amma babu abin da aka yi a cikinsa da kunnena bai halarta ba.

Lokacin da Malam ya ɗauko keken ɗinkinsa daga Kaikai muka dawo Kankia, gidan da muka samu bayansa na jingine da filin sakandaren gwamnati ta maza. Katanga ɗaya ce tsakanin murhuna da su. Wasu matan unguwa suna ƙorafin hayaniya, ni kuwa ta zame mani abokiyar hira. Ina daka ina jin usur, ina tankaɗe ina jin ƙwallo na dukan katanga. Yaran an raba su gida-gida, akwai masu jar riga, masu kore, masu shuɗi, kuma kowane gida da irin ihunsa. Tun kafin a faɗa na kan san wanda ya ci. Malam ya kan shigo ya ce, "To, sarauniyar fili, yau wa aka lallasa?" in faɗa mashi, ya fita ya tambaya, ya tarar haka ne.

Makarantar ta yi suna a wasanni har wajen lardi, amma abin da garin ya riƙe a zuciya shi ne gudun kaka. Da zarar an gama yankan gero an ɗaure dammuna, sai a sa rana. Yara su fita ta ƙofar makaranta ƙafa ba takalmi, su bi ta gonaki, su tsallake rafi, su zagayo ta bayan kasuwa su dawo fili. Manoman da hanyar ta ratsa gonakinsu ba su tara kara a kanta, kuma ba wanda ya taɓa rubuta masu doka. Matan Filani masu tallan nono su kan aje ƙwarya su tsaya da ruwa a bakin hanya. Abin da ya bambanta gudun nan da na ko'ina shi ne, ba yaron da ya ci ake ba kofi ba. Ubansa ake kira. An ce tun farkon kafa makarantar, lokacin da iyaye ke ganin boko ƙwace ɗa yake yi, wani shugaban makaranta ya kawo dabarar, don uba ya san har yanzu ɗan nasa ne. Uba zai fito tsakiyar fili gaban jama'a, a miƙa mashi kofin, a kanga mashi lasifika a baki, ya ce ni wane daga gari kaza, ga ɗana wane, Allah ya yi mashi albarka. Sannan ya ba ɗansa kofin ya ɗaga hannunsa sama. Na ji manoma da mahauta da akawu duk sun faɗi kalmomin nan, wasu murya na rawa, wasu kamar masu shela. Wata shekara wani tsoho ya manta abin da zai ce, sai ya ɓuge da gaishe da jama'a da tambayar ya amfanin gona, gari ya yi ta dariya har sallah.

To ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari a kafaɗa kuna yawo da shi kasuwa, sai na tsaya na yi maku bayani. A namu tashin, ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a yi mashi wasa gaban mutane. Kun san ban taɓa kiran sunan yayanku ba, a nan ma ba za ku ga na rubuta ba. Malam kuwa ya fi ni, don mahaifiyarsa Bafilatana ce, ita ta rene shi da wannan. "Kai" yake ce mashi, ko "wancan." Lokacin da ƙyanda ta kama yaron har muka fidda rai, Malam a ƙafa ya je neman magani ya dawo ƙafafu a kumbure, amma da ya iso bakin ƙofar ɗaki abin da ya iya cewa shi ne, "Mutanen ɗakin nan sun samu sauƙi?" Wannan shi ne babanku. Wanda ke da izinin rungumar yaron da zolayarsa su ne Baffa Sale, ƙanen Malam, da mahaifina can Bauranya, inda aka kai shi yaye. A can ya koyi gudu, wajen korar awakin kakansa daga gonakin mutane. Mahaifina ya kan ce, "Wannan ɓarawon matar tawa, ko na bi shi da sanda ba na cim mashi." Da ya shiga sakandare yara suka ga yadda yake cilla ƙafa, suka laƙa mashi Zomon Kaikai, sunan ya bi shi.

Shekarar da zai gama ita ce shekarar da abin ya faru. Zamanin ne da kuɗi suka shigo ƙasa, babura suka cika titi, kowane gida ka ji rediyo, Malam ɗinki har ya yi mashi yawa. Shekarun baya akwai wani dogon yaro daga wajen Daura da ke shan gaban yayanku, to ya gama ya tafi, don haka gari duka ya san bana ta Zomo ce. Ranar da aka ba 'yan kwana izinin fita, don shi ma a makarantar yake kwana, ya shigo bayan la'asar, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya wuce zaure inda Malam ke ɗinki, Baffa Sale na zaune yana cin gyaɗa. Ni ina bayan bangon zauren da rariya a hannu.

"Baba, an ce a faɗa wa iyaye. Asabar ta sama za a yi gudun."

Keken bai tsaya ba. Malam ya ce, "Sale, ka ji ko? Sai ka wanke rigarka."

Baffa Sale ya ce, "Ni kau tuni na aro hula. In aka kira ni, tafiyar agwagwa zan yi har tsakiyar fili, sai na gaji da tafi sannan in karɓa. Kai dai kar ka bari wani ɗan ƙauye ya wuce ka, in yi asarar sabulu."

Yayanku bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba baffa suka ce ba, Baba. Uba suka ce."

Nan keken ya tsaya.

"Baffanka ba uba ba ne?"

"Uba ne. Amma kowa nashi ke fitowa. Bara uban yaron nan tun daga Daura ya taho bisa motar gyaɗa, ya kwana tasha. Mu katanga ce tsakaninmu."

Na aje rariyar. Sai Malam ya ce, "Kowa da yadda ake yi gidansu." Keken ya ci gaba. Na ji yaron ya miƙe, ya yi sallama, ya fita ko tuwon da na aje mashi bai tsaya ɗauka ba.

A nan labarin da kuka sani ya tsaya, a nan kuma nawa ya fara. Kwanakin da suka biyo baya Malam bai zauna daidai ba. Mutumin da bai taɓa ɓata ƙyalle ba ya ɗinka wa wani alhaji aljihu a baibai. Wata safiya ina dama koko ya tsaya a kaina, yana kallon wani wuri daban, ya ce:

"Wai ke da kike jin komi, shi abin nan, in an fita me ake cewa?"

Na faɗa mashi. Ya ce, "Dole sai an faɗi sunan?"

Na ce, "Ban taɓa jin wanda ya tsallake ba."

Ya ce, "Hm," ya wuce zaure. Ran nan da hantsi na ji keken na gudu ba ƙaƙƙautawa, irin gudun da ba ɗinki ake ba, don na san ƙarar allura in tana cin ƙyalle da in tana cin iska. Na matsa jikin bango. Ƙarƙashin ƙarar keken, Malam na maimaita kalmomin. Ni wane daga Kaikai, ga ɗana. Sai ya tsaya. Ya sake daga farko. Ya yi ta yi har sunan ya fito, can ƙasa, kamar mai tsoron kar bango ya ji. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Na koma murhu na ce hayaƙi ne ya shiga mani ido, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Ranar gudun da sassafe Baffa Sale ya shigo da aron hularsa, yana ta ƙamshin turare. Malam ya miƙa mashi ƙunshin kayan biki ya ce ya hau keke ya kai Kusada, masu kayan na jira.

"Yau? Haba Yaya! Wa zai karɓi kofin?"

Malam ya ce, "In kana wurin, tura ka zan yi. Na san kaina. Tahi."

Baffa Sale ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire hular ya ɗora wa yayansa a kai, ya ce, "To wallahi ka yi tafiyar agwagwar, kar ka ba ni kunya." Ya fita yana dariya. Malam ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya bi bayansa. Ba a aika wa yaron ba. Da Malam zai iya aika irin wannan saƙon, da ba mu kai ga wannan labarin ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne mahaifina ya taho daga Bauranya kan jaki tare da wasu dattawa, ya ji labari ya ce sai ya ga gudun jikansa kafin ya mutu. Bai biyo ta gida ba, fili ya wuce kai tsaye. Malamin da ke zaunar da iyaye a rumfa ya ji an ce wannan kakan Zomo ne, wancan ubansa ne, sai ya ga ya kyauta ya haɗa su benci ɗaya a sahun gaba. Shi girmamawa ya yi. Bai san ya zaunar da mutum kafaɗa da kafaɗa da surukinsa ba, surukin da Malam ke tuɓe takalmi tun daga nesa in ya hango shi, wanda ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Ni ina gida na kasa komi, na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Na ji usur, na ji ƙafafu sun fita kamar an saki garke, sai fili ya koma surutu da kiɗan yara. Can bayan an jima ihu ya taso daga wajen kasuwa yana matsowa, yana matsowa, har ya shigo fili ya zama kalma ɗaya, "Zomo! Zomo!" Na zauna kan turmi. Aka jira sauran suka iso. Lasifika ta yi ƙara, shugaban makaranta ya faɗi wanda ya ci, sannan ya ce uban yaron ya fito. Jama'a suka ɗauki tafi, irin tafin da ake raka mutum da shi. Tafin ya yi tsawo, ya fara raguwa, ya mutu. Aka sake kira. Wannan karon ba tafi. Ina jin lasifikar na huci ita kaɗai, ina jin wata akuya na kuka can gefen fili. Sai wani ya yi dariya. Daga ɓangaren masu jar riga, waɗanda aka kayar, wata murya ta ɗaga, "Zomo maraya ne!" wasu suka amsa, malamai suka yi ta busa usur su yi shiru. Daga nan shugaban ya gyara murya ya ce a madadin iyaye shi zai miƙa. Aka yi ɗan tafi, kamar yayyafi kan kwano.

Malam ya dawo bai ci abinci ba. Sai washegari da rana, yana zaune kan tabarma hular Sale a hannunsa, ya faɗa mani, ni ma ba kallona yake ba.

"Na dafa gwiwa zan tashi. Wallahi na dafa. Sai Baba ya taɓa ni ya ce, 'Tashi mana, Malam, ɗanka ne, je ka rungume shi mu gani.' Dattawan da ke bayanmu suka yi dariya. Sai na ji kamar an zare mani ƙasusuwan ƙafa. Da bai yi magana ba."

Mahaifina ba ba'a ya yi ba, ƙarfin gwiwa ya so ya ba shi. Da na tambaye shi don me shi bai tashi ba da ya ga abin ya tsaya, sai ya ce, "Ke, uba aka kira. Uban na zaune gefena da ransa, in tashi in ƙwace mashi girmansa gaban duniya?" Kun ji. Wannan na kunyar wancan, wancan na girmama wannan, yaro na tsaye cikin rana ƙafafu duk ƙarangiya.

Da Malam bai je ba sam, da abin ya zo da sauƙi, a ce aiki ne ya riƙe shi. Amma ya je, kowa ya gan shi sahun gaba cikin farar riga kansa a ƙasa. Baffa Sale ya tafi makaranta don ya gyara, ya ce wa yaron, "Ai shi ya tura ni Kusada, don ya tashi da kanshi." Yayanku ya ce, "Ashe har kai ma ya hana ka zuwa." Maganar da aka kai don ta ɗinke, ita ta ƙara yaga wurin. An zaɓi yayanku ya je Kaduna ya yi wa lardi gudu, ya ce ƙafarsa na ciwo. Malamin wasanni ya zo har zaure yana roƙon Malam ya sa baki, Malam ya ce, "Ni ban hana ba." Gaskiya ya faɗa, amma malamin ya fita da fahimtar cewa ya hana ɗin, haka kuma ya baza a gari. Yayanku bai ƙara gudu ba. Ya rubuta jarrabawa, ya samu aiki a masaƙa a Kaduna, don lokacin aiki ke neman mutum. Kofin a ɗakin Baffa Sale ya bar shi.

Za ku ce don me Malam bai kira shi ya yi mashi bayani ba. Ku tsaya ku ji abin da bayanin ke buƙata. Sai ya dubi ɗan farinsa ya ce na so in tashi don ina alfahari da kai. Wannan ya fi tashi a fili nauyi. Shi ya sa kuka taso kuka tarar da su yadda kuka tarar, yayanku ya zo sallah da turamen yadi, ya durƙusa ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, Malam ya amsa cikakkiya, a tambayi hanya, a tambayi aiki, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya. Duk shekara kuma ranar gudun kaka Malam ya kan rufe zaure tun safe ya tafi Kaikai, sai magariba. Ku kuka ɗauka ƙin gudun yake. Lasifikar ce ba ya iya ji. Shekarar da ta biyo baya ma na ji sun canza kiran, suka koma cewa uba ko wanda zai tsaya mashi, har yau kuma haka suke faɗa. Na ji daɗi don 'ya'yan mutane. Namu dai ya riga ya wuce.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, yayanku ya zo ya zauna makoki yadda ya kamata, shi ya karɓi gaisuwa, shi ya tsaya kan komi. Ranar da zai koma, da hantsi, ya zo bakin ƙofata yin sallama, lokacin shi ma furfura ta fara fito mashi. Na ce ya dakata. Na juya fuskata bango, don ba zan iya ina kallonsa ba, na faɗa mashi duk abin da na rubuta maku nan, ban rage ba. Na daɗe ina tanadin maganar, ina ganin ranar da ya ji ta wani abu zai sauka daga ƙirjinsa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce:

"Na ga ya dafa gwiwa, Inna."

Na ce, "Ka gani?"

"Ina kallonshi. Tun da na shigo fili shi nake nema, na gan shi da hular Baffa. Na ga ya dafa gwiwa, ya ɗaga kaɗan. Shi ya sa na tsaya. Da ban ga haka ba, da tun kiran farko na je na karɓi kofina na wuce. Suna ta ihu ina cewa a raina, yanzu zai tashi, yanzu zai tashi."

Shekara da shekaru ina ɗauke da labarin da na zaci shi ne maganin, ashe mai ciwon ya riga ni saninsa, kuma shi ne ciwon.

Ya ce, "Allah ya jiƙan shi, Inna. Na yafe tun tuni, shi ma Allah ya sa ya yafe mani."

Na ce amin. Ya sa takalmansa, na bi sawunsa da kunne ya ratsa tsakar gida ya nufi zaure. A hankali yake tafiya, yana ɗan tsayawa, kamar mai jiran a kira shi. Ni kuwa ba ni da sunan da zan kira shi da shi.